Tarihin Ferdinand Porsche, injiniyan da ya zana wa Hitler motocin yaƙi

Masu sha'awar harhaɗa ƙananan motocin yaƙi na roba, irin waɗanda kamfanin Tamiya na Japan yake sayarwa cikin kwali, sun san Kübelwagen sarai. Idan aka manna sassanta da gam aka shafa mata fenti, tsawonta ba ya kai santimita 11, domin an ƙanƙanta ta sau 35. Sai dai kwalin ba ya ɗauke da labarin waɗanda aka tilasta wa ƙera ta asalin, ko na mutumin da ya zana ta.

An haifi Ferdinand Porsche ranar 3 ga watan Satumban 1875 a garin Maffersdorf, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Mahaifinsa maƙerin kwano ne, amma shi wutar lantarki ce ta ɗauke masa hankali. A shekarar 1900 aka baje kolin wata mota mai aiki da lantarki da ya zana a birnin Paris. Ya yi aiki da Austro-Daimler, daga baya da Daimler, kana ya buɗe ofishinsa a Stuttgart a 1931.

A 1934 gwamnatin Hitler ta ba shi kwangilar zana motar talakawa, wadda kuɗinta ba zai kai Mark 1,000 ba. Ita ce Volkswagen Beetle, da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975. Jamusawa fiye da 300,000 sun yi ta zuba adashi domin mallakarta, amma ba wanda ya samu, saboda da yaƙi ya ɓarke sai masana'antar ta koma yi wa soja aiki. A kan ƙirar Beetle aka fitar da Kübelwagen kimanin 50,000. Ba ta da nauyi, kuma iska ce ke sanyaya injinta, abin da ya yi mata rana a hamadar arewacin Afirka.

A fannin tankoki kuwa, basirar tasa ta zarce gona da iri. A 1942 kamfanin Henschel ya kayar da shi a takarar ƙera tankar Tiger, domin tasa mai haɗa fetur da lantarki tana yawan lalacewa. Gangar jikin guda 90 aka mayar motocin farautar tankoki masu suna Ferdinand, aka tura su fagen daga na Kursk a 1943 ba tare da bindiga mai sarrafa kanta ba. Ita kuwa Maus, wato ɓera, nauyinta tan 188 ne, kuma biyu kacal aka gwada.

Porsche ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, ya kuma riƙe muƙami a ƙungiyar SS. Mutane wajen 20,000 ne suka yi aikin tilas a masana'antar Volkswagen da yake shugabanta, ciki har da fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale. Da wuya a ce bai san halin da suke ciki ba.

Faransawa sun kama shi a watan Disamban 1945, suka sake shi a 1947 bayan an biya kuɗin beli, ba tare da kotu ta same shi da laifi ba. Ɗansa Ferry ne ya fito da mota ta farko mai sunan Porsche a 1948. Ferdinand Porsche ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga watan Janairun 1951, yana da shekaru 75.