Amy Carmichael, Uwar Yaran Dohnavur

An haifi Amy Carmichael ran 16 ga Disamba 1867 a Millisle, wani ƙauye na bakin teku a arewacin ƙasar Ailan. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta yana da injin niƙan alkama, iyayenta kuwa Kirista ne masu tsoron Allah. Ana ba da labari cewa tun tana 'yar ƙarama ta ji an ce Allah yana amsa addu'a, sai ta durƙusa da dare ta roƙe shi ya mai da idanunta shuɗi, gama nata ruwan ƙasa ne. Da gari ya waye ta ruga wurin madubi, ta tarar suna nan yadda suke. Mahaifiyarta ce ta koya mata cewa a'a ma amsa ce. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, don za ta sake gamuwa da irin wannan amsa bayan shekara 60.

Mahaifinta ya rasu a 1885, bayan iyalin sun koma birnin Belfast. A can ta soma tara 'yan matan da ke aiki a masaƙa, matalauta waɗanda masu hali ba sa son zama kusa da su a majami'a. Suka yi ta ƙaruwa har aka gina musu ɗakin sujada na kwano mai ɗaukar mutum 500. A 1893 ta tafi Japan aikin bishara, amma rashin lafiya ya fitar da ita bayan wata 15. A 1895 ta sauka Indiya, daga nan kuwa ba ta ƙara komawa gida ba, ko da hutu, har shekara 55.

Ta koyi harshen Tamil, ta zauna a can ƙuryar kudancin ƙasar. A 1901 wata yarinya mai suna Preena, 'yar shekara bakwai, ta gudo wurinta daga wani haikali. A wancan zamani akan keɓe ƙananan 'yan mata ga haikali, da yawansu kuwa sukan ƙare a hannun maza masu lalata da su. Amy ta karɓe ta, ta ƙi mai da ita. Daga wannan yarinya ɗaya gida ya tashi a ƙauyen Dohnavur, har yara suka kai ɗaruruwa, aka gina makaranta da asibiti. Takan sa tufafin matan ƙasar, ta rina fatarta da ruwan kofi don ta shiga inda Baturiya ba ta isa shiga ba. A nan ne idanun nan ruwan ƙasa suka yi rana. Yaran suna kiranta Amma. A kunnen Bahaushe wannan suna zai ba da dariya, amma da Tamil ma'anarsa uwa.

To, ga inda labarin ya juya. A watan Oktoba 1931, tana da shekara 63, ta je garin Kalakadu, ba nisa da Dohnavur, don ta duba wani gida da ake gyarawa domin aikin magani. Magariba ta yi, ba ta ga ramin da leburori suka haƙa ba, sai ta auka ciki. Ƙafa ta karye, idon sawu ya goce, ƙashin baya kuma ya bugu. Aka ɗora ta a mota aka yi tafiyar fiye da mil 40 zuwa asibitin mishan na Neyyoor, inda Dokta Howard Somervell yake aiki, mutumin da ya yi ƙoƙarin hawan dutsen Everest a 1922 da 1924. Masu rubuta tarihinta sun ce da safiyar wannan rana ta roƙi Ubangiji ya yi da ita duk abin da zai sa ta fi amfani a hidimarsa.

Kowa ya zaci maganar 'yan makonni ce. Manya da yara suka duƙufa ga addu'a, abokai daga ƙasashe dabam dabam suka yi ta aiko da wasiƙu. Makonni suka zama watanni, watanni suka zama shekaru. Ƙashi ya haɗe, amma ciwon jijiya da na gaɓoɓi bai bar ta ba, barci ma yakan gagara. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya, ga ta ba ta wuce ɗakinta da barandarsa. Ba ta ɓoye cewa abin yana da wuya ba, ba ta kuwa daina roƙon warkewa don kunya ba. Ta dai gane, kamar Manzo Bulus da ƙayar nan ta jikinsa a 2 Korantiyawa sura 12, cewa wani lokaci Allah ba ya cire ciwon, alheri yake bayarwa na ɗaukarsa.

Cikin wasiƙun ta'aziyya da ta samu, wasu sun ƙara mata nauyi ne maimakon sauƙi. Wani ya kira kwanciyarta hutu da Allah ya tilasta mata. Hutu, ga mutumin da ke juyi dukan dare don zafi! Ta lura kuma yawancin littattafan da ake rubuta wa marasa lafiya, masu lafiya ne suke rubuta su. Saboda haka ta ɗauki fensir tun tana cikin ciwon, ba ta jira sai ta ji sauƙi ba, ta rubuta jerin wasiƙu daga majinyaci zuwa ga majinyata. Aka buga su a 1933 da sunan Rose from Brier, wato fure daga cikin sarƙaƙiya. Ba ta yi wa kowa alkawarin zai tashi gobe ba. Abin da ta dage a kai shi ne, sojan da aka yi wa rauni yana nan soja, Shugabansa bai sallame shi ba, addu'ar da yake yi a kan gado kuma aiki ce.

A ganina wannan ya shafe mu ƙwarai. Idan ɗalibi ya karye a filin ƙwallo, ko wani ɗan'uwa ya yi haɗari da babur, makon farko ɗaki ba ya ɗaukar mutane, kowa da lemo da gaisuwar sannu. Wata na biyu sai ka tarar da shi shi kaɗai, ga darasi ya wuce shi, ga tunani. Wasunmu kuma mukan je da wa'azi mai tsawo, har a tambayi mai ciwo ko akwai zunubin da bai furta ba, ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Abokan Ayuba sun fi kyautawa a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi shiru. Wa zai ce Amy Carmichael ba ta da bangaskiya? Duk da haka ba ta ƙara tafiya kamar dā ba.

Daga wannan ɗaki ta ci gaba da bi da gidan. Ma'aikata sukan zo neman shawara, yara sukan shigo ɗaya ɗaya, takan rubuta musu 'yan gajerun takardu na ƙarfafawa, tana ambaton su da suna cikin addu'a. Littattafan da ta rubuta bayan faɗuwarta sun fi goma, sun kuma kai ƙasashen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. A 1947 gwamnatin Madras ta kafa dokar hana keɓe yara ga haikali, tana da rai ta ji labari.

A 1948 ta sake faɗuwa a cikin ɗaki, hannunta na dama ya karye. Daga nan rubutu ya gagara, sai ta faɗa wani ya rubuta, har ƙarfi ya ƙare. Ta rasu ran 18 ga Janairu 1951 tana da shekara 83, bayan kusan shekara 20 na jinya. Gidan Dohnavur yana nan har yau, mutanen Indiya ne suke riƙe da shi. Ta riga ta roƙa kada a kafa dutse a kan kabarinta. Yaranta suka sa kwamin ruwa na tsuntsaye a wurin, suka rubuta Amma a jikinsa.