Jan Tilho, mai awon ƙasa da taurari

An haifi Jan Tilho a garin Domme na ƙasar Faransa cikin shekara ta 1875. Soja ne, amma awon ƙasa shi ya fid da sunansa.

Daga 1906 zuwa 1909 ya shugabanci ayarin Faransawa da suka shata iyaka tare da Ingilishi, tun daga kogin Kwara har tabkin Cadi. Da rana mutanensa suna ɗaukar hotunan ƙasa, suna rubuta tarihin sarakuna daga bakin dattawa. Da dare kuwa, in sama ta yi garau, sai su girka na'ura a tsakiyar daji, su auna tauraro, su dubi agogo, su gane inda suke bisa taswira. Da haka aka kafa turakun iyaka 148.

Iyakar nan ta ratsa ƙasar Arawa: Dogondutsi da Tibiri suna Nijar, Kangiwa tana Nijeriya. Dangi ɗaya, hukuma biyu.

Bayan haka ya auna Borku da Tibesti, daga 1912 zuwa 1917. Ya rasu a birnin Paris cikin 1956, amma iyakar tana nan har yau.