Ladi Kwali: Maginiyar da Tulunta Ya Shiga Gardamar Masu Fasaha a Ingila

Duk wanda ya juya takardar naira ashirin, wadda ke ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed a fuskarta, zai ga wata mace a bayan takardar tana ginin tukunya. Wannan mace ita ce Ladi Kwali, kuma tun shekarar 2007 hotonta yake a kan wannan kuɗi. Mutane da yawa sun san fuskar, amma kaɗan ne suka san dalilin da ya sa aka ɗauko maginiyar tukwane, wadda ba ta taɓa zama a ajin makarantar boko ba, aka ajiye ta inda aka saba ajiye shugabanni da manyan 'yan siyasa. Ƙalilan ne kuma suka san cewa tulunanta sun faɗa tsakiyar wata tsohuwar gardama ta mutanen Ingila, wato gardamar mene ne fasaha, mene ne sana'a kawai, kuma wa ke da ikon yanke wa abu daraja.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda a yau yake ƙarƙashin Babban Birnin Tarayya. Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, su ne mutanen da Turawa suka tarar a inda aka kafa garin Kaduna, kuma har yanzu mazaunin unguwannin kudancin kogi ba baƙo ba ne ga matansu masu ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Sunanta kansa yana nuna irin cuɗanyar da ke tsakaninsu da Hausawa, domin Ladi sunan 'yar da aka haifa ran Lahadi ne. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, yarinya takan koya a hannun manyanta kamar yadda take koyon daka da girki. Ita ma Ladi a wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ake wannan gini, saboda a nan ne gwanintarta ta tsiro. Maginiya ba ta da na'urar da za ta juya mata yumɓu. Takan ajiye curin yumɓun a wuri ɗaya, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta yi ta jan gefensa sama, sa'an nan ta riƙa murza wani yumɓun kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa. Tulun yana zaune, ita ce take kewaya shi, tana tafiya a sunkuye har bakinsa ya haɗu. Ba ma'auni, ba zare, ido ne kawai da tafin hannu, amma sai tulu ya fito a zagaye sumul, ga shi da faɗin ciki, ga shi marar nauyi. Kafin ya bushe sai ta zana masa ado da wuƙa, ko ta gangara ɗan itace mai tsaga a jikinsa. Ladi ta yi fice wajen zana halittun da take gani a kewayenta: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu, kowanne a cikin nasa gida tsakanin layuka. In an gama sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Irin wannan gashi ba ya toshe ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu, shi ya sa tulu yake tsatsafo da ruwa a bayansa, iska ta busa, na cikin ya yi sanyi. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta tsatsafo, don za a dawo kanta.

Tun kafin wani Bature ya ji sunanta, Ladi ta riga ta yi suna a ƙasarta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya sayi tulunanta ya ajiye a fadarsa don kyansu. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda zuriyar sarakunan Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, wadda kuma aka sake wa suna Suleja sa'ad da aka ɗauki sunanta aka ba sabon babban birni. A wannan fada ne, cikin 1950, wani Bature mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Saboda haka masu cewa Cardew ne ya gano Ladi Kwali sun tauye wa Sarki haƙƙinsa. Idon da ya fara ɗauke tulunta daga gindin murhu ya mai da shi abin kallo, idon Bahaushe ne.

Shi wannan Cardew, wanda aka haifa a 1901, almajirin Bernard Leach ne, mutumin da ya farfaɗo da ginin tukwane na hannu a Ingila. Ra'ayin makarantarsu shi ne cewa masana'antu sun cika gidaje da tangaran marar rai, kuma kyan tukunya na gaskiya yana tare da amfaninta: a ci a ciki, a sha a ciki, talaka ya iya saye. Cardew ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu tun daga 1942, sa'an nan gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a 1950 don ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. Da ya zagaya ƙasa sai ya tarar tukwanen gargajiya ba sa bukatar gyaran kowa. Abin da ya ga babu shi ne kwanuka da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli, waɗanda ake shigowa da su daga waje. Don a riƙa yin su a gida ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja cikin 1952, ɗalibansa na farko kuwa duk maza ne.

A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu, ta yi ta fitar da farantai da kwanuka da butoci kamar kowane ɗalibi. Amma ba waɗannan ne suka ɗaukaka ta ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunan Gwari da hannu yadda ta gada, sai dai yanzu da wani irin yumɓu mai jure wuta. Takan cike tsagar zanenta da farar ƙasa, a zuba wa tulun ruwan ƙyalli, a sa shi a tanderun da zafinsa ya haura digiri 1,200. In ya fito sai ka ga kunama da hawainiya suna haske a ƙarƙashin ƙyalli mai duhu, kamar ana hango su a ƙasan ruwa. A jikinsa akan buga hatimin Abuja da rubutun Larabci, da kuma haruffan sunanta biyu, LK.

To, a nan ne maganar take. Tulun da ya sha irin wannan wuta ya zama kamar dutse. Ya yi nauyin da mace ba za ta so ta ɗauke shi zuwa rafi ba, ƙofofin jikinsa sun toshe, ba ya tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye nesa ba kusa ba. Wato tulu ne a siffa, amma ya bar aikin tulu. Masu sayensa su ne Turawa ma'aikata, da manyan 'yan boko, da gidajen ajiye kayan tarihi. Abin mamaki shi ne, mutumin da ya taso a kan aƙidar cewa kyau yana tare da amfani, a cibiyarsa ne aka yi tulun da ya sami daraja a kasuwar duniya daidai lokacin da ya rasa amfaninsa.

Darajar kuwa ta zo da sauri. An nuna aikin Abuja a wani ɗakin baje kolin fasaha mai suna Berkeley a Landan cikin 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi ne suka fi jan ido. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980, da lambar OON a 1981. Hanyar da ta buɗe wasu mata suka biyo, irin su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Cardew ya bar Abuja a 1965, ita kuwa ta ci gaba da aiki a cibiyar, wadda daga baya aka sa wa sunanta. Allah ya yi mata rasuwa a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew.

A shekarar da ta rasu ne aka kafa kyautar Turner a Ingila, wadda ta zama dandalin gardama kan ma'anar fasahar zamani. Damien Hirst, mai ajiye gawar dabbobi a cikin akwatin gilashi, ya ci ta a 1995. Chris Ofili, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ci ta a 1998 da zane-zanen da ya haɗa da kashin giwa. A 1999 Tracey Emin ta shiga jerin 'yan takara, ta nuna gadon barcinta a hargitse. Jaridu suka yi ta tambaya ko wannan fasaha ce ko rainin wayo. Masu goyon baya suna ganin tunanin da ke bayan abu shi ne fasaha, ba wahalar hannu ba. Masu suka kuwa suna ganin suna da ɗakin nuni ne kawai suke mai da tarkace dukiya. A cikin wannan yanayi ginin tukwane ya daɗe a matsayin ƙaramar sana'a, shi ya sa da Grayson Perry ya ci kyautar a 2003 da tukwane masu zane, aka ɗauki abin a matsayin babban labari.

Tulun Ladi Kwali bai zauna daram a ɓangaren kowa ba. Masu kare gwanintar hannu za su so su riƙe shi hujja, domin ba mai musun cewa hannu ne ya yi shi. Amma wannan hannun ya yi shekaru yana gina tuluna masu irin wannan kyau ana sayar da su a kasuwar ƙauye, Landan ba ta kira su fasaha ba sai da aka ƙara musu ƙyalli, da hatimi, da sunan mutum ɗaya. Wannan kuwa yana ƙarfafa zargin cewa wurin da aka ajiye abu da wanda ya gabatar da shi suna da hannu babba a farashinsa. Akwai masu ganin cewa cibiyar Abuja ta raba tulu da mutanensa don ta gamsar da idon baƙo. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta mai da Ladi kamar yumɓu a hannun Cardew, alhali kuwa siffar tulun tata ce, zanen nata ne, kuma ita ce ta ga abin da sabuwar wuta za ta iya yi wa tsohon zane ta yi amfani da shi. A aikin hannu irin na Gwari, Cardew ɗan kallo ne a gabanta.

Koyarwarta ma ta koma Ingila ta wata hanya. A 1974 wata ɗaliba 'yar asalin Kenya da ke karatu a Farnham, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan cibiyar. Odundo ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fasaha na Birtaniya, kuma abin lura shi ne tukwanenta ba su da ruwan ƙyalli: da hannu take gina su, ta goge su har su yi sheƙi, wato ta ɗauki abin da ke na matan ƙauye ta bar abin da tanderun Cardew ya ƙara. A 2022 aka shirya wani nuni a gidan Two Temple Place da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Jareh Das, kan mata baƙar fata da ginin yumɓu da fasahar zamani, wanda daga baya aka kai birnin York. Da tulunan Ladi Kwali aka buɗe labarin, aka jera su tare da ayyukan Odundo da na matasan da aka haifa bayan rasuwarta.