Audu Bako: ɗan sandan da ya tare ruwan Kano, da abin da ya iso fadamun Jigawa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ko ya sari shinkafar Kura, ya ci albarkacin wani ɗan sanda da ya rasu tun shekarar 1980. Haka ma magidancin da ke buɗe famfo a birnin Kano. Amma idan aka bi kogin zuwa gabas, aka wuce Wudil aka shiga ƙasashen Ringim, Taura, Miga da Auyo, sai labarin Alhaji Audu Bako ya zama mai fuska biyu, domin ruwan da ya tare a sama shi ne wanda mutanen ƙasa suka saba jira kowace damina.

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a shekarar 1924. Mahaifinsa ya shafe shekara 36 yana sanye da kaki, saboda haka ba a yi mamaki ba da ɗan ya gaji uban. Bayan ya yi karatu a Kaduna da Makarantar Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga baya aka ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan muƙami ne ya nuna masa cikin mulkin gargajiya: yadda umarni ke sauka daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, da yadda haraji ke hawa ta wannan tsani ba tare da wani abin kirki ya sauko wa talakan ƙauye ba.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, ana dab da yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, ya tura Audu Bako Kano. Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Dutse, Birnin Kudu, Jahun da Ringim duk gundumomin hakimai ne a ƙarƙashin Sarkin Kano. Sarkin kuwa, Alhaji Ado Bayero, shi ma tsohon Wakilin Doka ne, don haka mutum biyu da suka san aikin tsaro ne suka haɗu a gari ɗaya, ɗaya da rawani ɗaya da hular kaki.

Aikin da ya fara tunkara shi ne rage tazara tsakanin gwamnati da karkara. Ya kasa jihar zuwa yankunan mulki takwas, biyar daga cikinsu an yanko su ne daga masarautar Kano, aka sa hedkwatar yankin kudu maso gabas a Birnin Kudu. A shekarun ne kuma kotuna, gidajen yari da 'yan doka suka fita daga hannun En'e. Mutumin Dutse ko Gwaram da a da sai ya niƙi gari zuwa birni kafin a saurari kukansa, ya samu jami'in gwamnati a kusa da shi. Ya kuma dage a kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, hujjar da ba mai iya ture ta cikin sauƙi a ƙasar Kano. Gidan Zoo, sakatariyar jiha, otal-otal na Bagauda da Tiga, duk a zamaninsa aka yi su.

Ruwa dai shi ne abin da ya fi damunsa. Yankin da ke kewaye da birnin Kano na daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka, gonaki sun tsuke, damina wata huɗu ce, sauran watanni takwas kuwa majiya ƙarfi ci-rani suke tafiya. Tunaninsa shi ne a riƙe ruwan da ke wucewa a damina, a yi noma da shi a rani. Kwamishinansa na aikin gona, Alhaji Inuwa Dutse, wanda rukunin gidaje ke ɗauke da sunansa a Dutse a yau, shi ne na hannun damansa a wannan fage. A 1969 aka fara madatsar Bagauda domin shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Bayanta aka shiga babban aikin, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Tafkinta ya mamaye murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Wani kamfanin ƙwararru na ƙasar Holan ne ya zana tsarin noman ranin da za ta shayar, kashin farko hekta 22,000. An kuma gina ƙananan madatsu a wurare da dama, har da Birnin Kudu da Kazaure.

Ana tsakiyar aikin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa ƙasashen Sahel. Gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta faɗuwa a Gumel da arewacin Haɗeja. Wanda ya ga wannan bala'i da idonsa ba zai zargi gwamnan da ya ce a adana ruwa ba. Kuɗin man fetur kuma ya fara kwarara, ba wanda ke tambayar tsadar siminti.

Abin lura shi ne, a daidai waɗannan shekaru akwai masu bincike da suka zauna a ƙauyuka suna auna rayuwar manomi. A Samaru, David Norman da abokan aikinsa sun bibiyi gidajen manoma a ƙauyukan Zariya, suka nuna cewa haɗa gero, dawa da wake a gona guda, abin da malaman gona ke ɗauka rashin wayewa, dabara ce ta rage asara da cin moriyar ƙarancin hannu. Polly Hill ta zauna a Ɗorayi a 1971 da 1972, ta nuna irin ratar da ke tsakanin manomi mai gona da maƙwabcinsa wanda sai ƙwadago. Michael Mortimore kuwa ya shafe shekaru yana komawa Dagaceri, wani ƙauye a arewa maso gabashin Jigawar yau, yana rubuta yadda mutane ke tsira daga fari ta hanyar kiwo, saƙa, fatauci da ci-rani. Duk sun taru a kan abu guda: tattalin arzikin ƙauye igiya ce mai tufka da yawa, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa saura. Sai dai ofishin da ake zana madatsa daban, ɗakin da ake karanta irin wannan bincike daban. Injiniya ya auna ruwa da ƙasa, ya ƙiyasta buhunan alkama, aka sa hannu.

Binciken da ya shafi aikin kai tsaye bayan an gama zuba kankare ya zo. A ƙarshen shekarun 1970, Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello ta bi manoman da tsarin noman ranin Kogin Kano ya shafa. Ta tarar ƙaramin manomi ba ya iya biyan kuɗin taki, tarakta da 'yan ƙwadago, sai ya ba da hayar filinsa ga mai hali, kuma cikin masu halin akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birni. Dubban mutanen da tafkin Tiga ya tasa daga gidajensu sun koka da diyya. Alkamar da aka yi buri ba ta zama sarauniyar gonakin ba. Manoma da kansu suka karkata ga shinkafa da tumatir, kuma su ne suka raya Kura da Kadawa. Hekta 22,000 ɗin ma an yi shekaru masu yawa ba a cika su ba.

Babban lissafin yana can ƙasa. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke ratsa tsakiyar Jigawa kafin ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru. A can, ambaliyar damina ita ce jari. Idan ruwa ya malale, a shuka shinkafa. Idan ya fara janyewa, a bi danshinsa da wake da kayan lambu. Masunta su kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawa, Fulani su sauko da shanu a rani, mata su samu itace da kabar saƙa, ruwan da ya nutse kuma ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa. Kaɗan daga cikin wannan arziki ne ke shiga littafin gwamnati, domin yawancinsa a gida ake cinye shi ko a kasuwar ƙauye. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ambaliyar kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000. Bayan fari da madatsu, ta koma tsakanin 70,000 da 100,000.

Sai a 1987, shekara 13 bayan Tiga, aka kafa shirin kula da dausayin, masana suka fara ƙiyasta abin da fadama ke bayarwa da kuɗi. Edward Barbier, William Adams da Kevin Kimmage sun nuna cewa duk ma'aunin ruwan da aka bari ya isa fadama ya fi wanda aka zuba a gonakin noman rani na sama riba nesa ba kusa ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka lissafa cewa idan aka aiwatar da madatsu da manyan gonakin da aka tsara a saman kogin, ribarsu ba za ta maye fiye da kashi 17 cikin ɗari na asarar da za a yi a ƙasa ba.

Wannan makanta ba a Kano kaɗai take ba. A Ostireliya ma, inda 'yan asalin ƙasar ke zaune a ƙauyuka masu nisa da birane, sai a 1990 babbar jami'ar ƙasar da ke Kambera ta buɗe cibiyar binciken tattalin arzikinsu. Shugabanta na farko, Jon Altman, ya yi shekaru yana nuna wa hukuma cewa farauta, su da tsintar abincin daji sashe ne na uku na arziki, bayan kasuwa da gwamnati, kuma duk tsarin da bai ƙirga shi ba zai ɗauki mai abin yi a matsayin marar aiki. Masuncin Marma da makiyayin Baturiya sun daɗe a wannan layi.

Adalci ne a ce ba duk abin da ya biyo baya ke wuyan Audu Bako ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ragamar Tiga ta koma hannunta. Madatsar Challawa kuwa sai a 1992 aka gama ta. Yadda aka riƙa sakin ruwa rani da damina ya sa kogin da a da yake bushewa ya daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Wasu ƙauyuka suka rasa ruwa, wasu ruwa ya zauna musu a gona shekara da shekaru. A shekarun da sama ta yi yawa, kamar 2001 da 2022, mutanen Ringim, Miga da Auyo ne suka kwana a makarantun firamare. Masana sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa a damina domin a kwaikwayi ambaliyar da aka saba, kuma a 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogin. Duk da haka, tambayar da ba a yi ba kafin a tare ruwa, wato wa ke ci da shi a ƙasa, a zamaninsa ne aka tsallake ta.

Shi bai ga yawancin wannan ba. A ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kifar da Gowon, Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya hau mulki ya sauke gwamnoni baki ɗaya. Kwamitin binciken kadarori ya wanke biyu kacal daga cikin 12, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako na cikin goman da hukuncin ya hau kansu. Kanawa da yawa ba su bar wannan ya shafe musu abin da suka gani da ido ba, shi ya sa sakatariyar jiha, Gidan Zoo, wani babban titi a Nasarawa da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk suke amsa sunansa.

Bayan saukarsa ya koma noma, sana'ar da ya shafe shekara takwas yana kira a riƙe. Allah ya yi masa rasuwa a 1980, yana da shekara 56 ko kusa da haka. Shekara 11 bayan nan, a ranar 27 ga Agusta, 1991, Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano ya sa hedkwatarta a Dutse. Iyakar da aka shata ta bar Tiga, Bagauda da Challawa a Jihar Kano, fadamun da suke shayarwa kuma a Jigawa da Yobe.