Tarihin Sinsinatus, Manomin Da Ya Riƙe Mulkin Rum Kwana 16

A cikin mutanen dā waɗanda sunansu bai ɓace ba akwai wani manomi na ƙasar Italiya, ana ce da shi Sinsinatus. An haife shi wajen shekara ta 519 kafin haihuwar Annabi Isa, a wani gida na manyan birnin Rum. Shekarun da za a ambata nan gaba duk na wannan lissafi ne, watau raguwa su ke yi. Yawancin labarinsa ya zo ne ta hannun Libi, masanin tarihin Rumawa, wanda ya rubuta shi bayan al'amarin ya wuce da fiye da shekara 400.

Yana yaro, cikin shekara ta 509, Rumawa suka kori sarkinsu, suka yi rantsuwa ba za su ƙara naɗa wani ba. Suka mai da mulki hannun Majalisar Dattawa da shugabanni biyu da a ke kira Konsul, waɗanda a kan zaɓa kowace shekara. Amma in wani babban tashin hankali ya auku, a kan ba mutum ɗaya wuƙa da nama, ba mai ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, wa'adinsa kuwa wata 6.

A zamanin nan akwai jayayya tsakanin manyan gari da talakawa, domin talakawa suna neman a rubuta doka a iyakance ikon Konsul. Sinsinatus yana wajen manya, bai goyi bayan wannan buƙata ba. Ɗansa Kaiso kuwa saurayi ne mai ƙarfi da zafin rai, ya sha korar wakilan talakawa daga dandali da ƙarfin tuwo. Cikin shekara ta 461 aka kai shi ƙara, wani mutum mai suna Bolskiyus ya ba da shaida cewa Kaiso ya bugi ɗan'uwansa har ya mutu. Uban ya bi jama'a yana roƙo a duba ƙuruciyar yaron. Aka ba da shi beli, mutum 10 suka tsaya masa, kowannensu a kan kuɗin tagulla 3,000. Da dare ya yi sai Kaiso ya gudu ya bar ƙasar. Aka bi uban da kuɗin nan ba sassauci, har ya sayar da abin da ya mallaka ya biya.

Daga nan ya ƙetare kogin Taiba, ya zauna cikin bukka shi da matarsa Rasiliya, a wata 'yar gona da ba ta wuce eka biyu da rabi ba. Mutumin da a dā ya ke zama da manya ya koma yana cin guminsa.

Cikin shekara ta 460 aka kashe ɗaya daga cikin Konsul wajen faɗa, aka zaɓi Sinsinatus ya cika masa sauran wa'adi. Wani masanin tarihi, Diyonisiyus, ya ruwaito cewa abin da ya fara damunsa shi ne gonarsa za ta kwana ba shuka, iyalinsa su shiga rashi. Duk da haka ya amsa kira. Da shekara ta ƙare dattawa suka so su sake tsai da shi, ya ƙi, domin ya riga ya zargi wakilan talakawa da liƙe wa muƙami, bai ga dalilin da zai aikata abin da ya hana waɗansu ba.

Babban al'amarin ya zo cikin shekara ta 458. Wata ƙabila ta maƙwabta, mutanen Ekwi, suka ritsa rundunar Rum da Konsul Minukiyus a dutsen Algidus. Mahaya 5 suka kuɓuta suka kawo labari, gari ya ruɗe. Majalisa ta aika manzanni gonar Sinsinatus, suka same shi yana cikin aiki, jiki duk ƙura. Suka ce ya yafa mayafinsa na girma kafin ya ji saƙon Majalisa. Ya kira Rasiliya ta ɗauko masa daga bukka, ya share gumi ya yafa, sa'an nan suka shaida masa an ba shi ikon ƙasa duka. Aka ƙetarar da shi cikin jirgin ruwa, 'ya'yansa uku suka tarye shi a gaɓa.

Wanshekare ya zaɓi mataimakinsa, wani jarumi mai suna Tarkitiyus wanda talauci ya sa ya ke zuwa yaƙi a ƙasa. Ya tsai da shari'a, ya sa aka rufe rumfunan kasuwa, ya yi umurni duk wanda ya isa yaƙi ya hallara kafin faɗuwar rana da guzurin kwana 5 da turaku 12. Tsofaffi kuwa aka sa su dafa wa samarin maƙwabtansu abinci. Suka isa Algidus da tsakar dare, suka haƙa gwalalo suka kafa shinge kewaye da abokan gaba. Ko da gari ya waye mutanen Ekwi sun ga an sa su tsakiya, suka nemi aminci. Bai hallaka su ba, sai ya kafa māsu biyu ya gicciya ɗaya a bisa, ya sa suka bi ta ƙarƙashi, alamar an ci su, ya sallame su. Ganima ya raba wa mayaƙansa. Minukiyus kuwa ya sauka daga muƙaminsa.

Da ya komo Rum sai aka yi shari'ar Bolskiyus, aka tabbatar shaidar zur ya yi wa Kaiso, aka kore shi daga ƙasar. Ran kwana na 16 Sinsinatus ya ajiye mulki, ga sauran fiye da wata 5 a wa'adinsa. An yi masa tayin ƙasa da dukiya ya ƙi karɓa, ya koma gonarsa.

Cikin shekara ta 439, yana da shekara wajen 80, aka sake kiransa. An yi yunwa, wani attajiri mai suna Meliyus yana raba hatsi, aka tuhume shi da neman sarauta ta wannan hanya. Meliyus ya ƙi amsa sammaci, mataimakin Sinsinatus ya kashe shi. Da ƙura ta lafa tsohon ya sake ajiye iko. Ya rasu wajen shekara ta 430.

Sunansa ya kai nesa. Cikin shekara ta 1783 bayan haihuwar Annabi Isa, hafsoshin Amurka da suka gama yaƙin neman 'yanci suka kafa jam'iyya da sunansa, suka shugabantar da Joji Washinton, wanda shi ma ya ajiye shugabancin soja ya koma gonarsa. Cikin 1790 aka sa wa birnin Sinsinati suna saboda wannan jam'iyya.

Sinsinatus ba marar aibi ba ne, gama ya tsananta wa talakawa wajen batun doka. Abin da ya sa ba a manta da shi ba shi ne ya biya bashin ɗansa da dukan abin hannunsa, kuma sau uku ana ba shi amanar jama'a yana mayarwa, bai fita da kome ba. Duk wanda aka damƙa wa hatimi ko mabuɗin baitulmali, ya kamata ya tuna akwai ranar mayar da su.