Muhammadu Bakatsine, gwanin lissafi

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin Katsina. Ya yi karatu mai zurfi, sannan ya tafi haji.

A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci bisa hatimi. Hatimi zane ne mai gida-gida da ake cikawa da lambobi. Mai gida tara yana ɗaukar 1 zuwa 9. A tsaye, a kwance ko a karkace, jimlar kowane layi 15 ce. Mai gida 81 kuwa, 369 ce.

Malam bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, gidan Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa.

Yara, ku zana mai gida tara a ƙasa. Ku sa 5 tsakiya.