Funmilayo Ransome-Kuti: Matar da 'yan kasuwa suka aika gaban hukuma

A duk ma'aikatar da za ta kira taron masu ruwa da tsaki, akwai wani jami'i da ake ɗora wa aikin rubuta sunayen ƙungiyoyin da za a gayyata. Aiki ne da ake kallonsa ƙarami, amma sau da yawa daga wannan takarda ake gane abin da taron zai haifar tun ba a zauna ba. Rayuwar Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta rasu a 1978, ta ƙare ne a kan wannan batu: wa ya cancanci ya yi magana da yawun jama'a a gaban hukuma, kuma wa ke da ikon zaɓensa.

An haife ta a Abeokuta ranar 25 ga Oktoba, 1900, a gidan Daniel Olumeyuwa Thomas, gidan Kiristoci masu daraja karatun boko. Tana cikin 'yan matan farko da aka ɗauka a babbar makarantar sakandaren Abeokuta a 1914. A 1919 ta tafi Ingila ƙaro karatu, kuma a can ne ta ajiye sunayenta na Turanci, Frances da Abigail, ta riƙe na Yarabanci. Da ta dawo sai ta kama koyarwa. A 1925 ta auri Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta wanda ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Najeriya a 1931. Ke nan a gidanta ta ga yadda ƙungiya ke tattara koken mambobinta ta kai wa gwamnati.

Ƙungiyar da ta fara kafawa ta matan 'yan boko ce, masu haɗuwa don koyon ɗinki da girki da ayyukan jinƙai. Al'amarin ya sauya ne a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da ta buɗe ajin yaƙi da jahilci ga matan kasuwa. Matan da suka zo koyon karatu sun zo da labarinsu: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa hukuma ta ƙayyade farashin abinci, 'yan doka kuma suna ƙwace shinkafa daga hannun masu sayarwa. Ga kuma harajin kai da aka ɗora wa matan ƙasar Egba tun 1918, wanda kowace mace ke biya daidai da 'yar'uwarta ba tare da la'akari da abin da take samu ba, masu karɓa kuma suna haɗawa da cin mutunci.

Abin da ya fi harajin ciwo shi ne rashin bakin magana. Kafin mulkin mallaka, matan Egba suna da masu sarauta irin su Iyalode da ke kai buƙatunsu gaban sarki. Tsarin En'e da Turawa suka shimfiɗa ya tattara iko a hannun Alake, wato Sarkin Egba, Ladapo Ademola na Biyu, a matsayin hukuma shi kaɗai, da Razdan a bayansa. Mata suna biyan haraji, amma babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke yadda za a kashe shi.

A 1946 aka mayar da ƙungiyar ta zama Tarayyar Matan Abeokuta, ƙofarta a buɗe ga kowace mace, mai karatu da marar karatu, Musulma da Kirista da mai addinin gargajiya. Funmilayo ce shugaba, cikin manyan mataimakanta akwai Eniola Soyinka, mahaifiyar marubuci Wole Soyinka. Mambobi masu biyan kuɗin ƙungiya sun kai kimanin dubu ashirin. Tun daga wannan lokaci ta daina sa tufafin Turawa, ta koma shigar Yarabawa, kuma da Yarabanci take magana a bainar jama'a, ko da da jami'an Birtaniya take ganawa. Hikimar a fili take: matan da suka aiko ta su ji da kunnensu abin da ta faɗa a madadinsu, kada ya zama sai an ba su labari.

Tarayyar ba ta fara da zanga-zanga ba. Ta fara da takardun koke, da taron 'yan jarida, har ta ɗauki akanta ya binciki littattafan kuɗin En'e domin koken nata ya tsaya a kan lissafi. Funmilayo da kanta ta ƙi biyan harajin, aka gurfanar da ita a kotu. Da hukuma ta hana su izinin taro, sai suka riƙa kiran tarukan nasu bukukuwa. A ƙarshen Nuwamba 1947, mata fiye da dubu goma suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar Alake, suka kwana a can, suka kuma maimaita a Disamba bayan an kama wasu daga cikinsu. A 1948 aka dakatar da harajin kan mata, aka kafa majalisar riƙon ƙwarya ta Egba wadda mata huɗu suka samu kujeru a cikinta, har da Funmilayo. A Janairun 1949 Alake ya sauka daga karaga. Ya dawo a ƙarshen 1950, amma tsarin hukumar mutum guda bai dawo tare da shi ba.

Waɗannan kujeru huɗu ba kyauta aka ba su ba. Hukuma ba ta duba gari ta zaɓi matan da take jin daɗin zama da su ba; ta amince ne da waɗanda dubban mata suka riga suka sa a gaba. Wannan ne ya sa maganar da aka ƙulla da su ta zauna, domin idan sun ce an daidaita, kasuwa takan yarda an daidaita.

A daidai wannan lokaci ƙasar baki ɗaya tana fama da irin wannan matsala. Gwamna Arthur Richards ya tsara sabon tsarin mulki ba tare da ya tuntuɓi jama'ar ƙasa ba, aka fara aiki da shi a farkon 1947. Jam'iyyar NCNC, wadda a lokacin gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago da na al'ummomi da na ɗalibai ce, ta zagaya ƙasar a 1946 tana neman amincewar jama'a da gudummawar kuɗi domin ta kai ƙara Landan. A wannan rangadi ne ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, ya rasu a Legas. Tawagar mutum bakwai da ta tafi a 1947 ƙarƙashin Nnamdi Azikiwe ta haɗa da Zanna Bukar Dipcharima daga Borno, kuma Funmilayo ce kaɗai mace a ciki. Sakataren Harkokin Mulkin Mallaka, Arthur Creech Jones, ya saurare su, ya kuma shawarce su da su koma gida su gwada aiki da tsarin. Ita kuwa ta yi amfani da tafiyar ta gana da ƙungiyoyin matan Birtaniya, ta kuma rubuta maƙala a jaridar Daily Worker kan halin da matan Najeriya suke ciki.

Tawagar ta dawo ba tare da biyan buƙata ba, amma koken ya yi tasiri. Gwamna John Macpherson, wanda ya gaji Richards a 1948, ya ɗauki wata hanya dabam: a tattauna daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, daga lardi zuwa jiha, sannan a haɗu a babban taron Ibadan a Janairun 1950. Funmilayo ta shiga wannan tattaunawa da sunan Abeokuta, ta nemi a ba mata 'yancin zaɓe, ta kuma soki zaɓe na hawa-hawa, wanda wakilai ke zaɓen wakilai. Tsarin mulkin 1951 ya fito da zaɓen hawa-hawa ɗin. Tuntuɓar ta yi faɗi a ƙasa, amma duk hawan da aka haura sai rariyar ta ƙara tsananta, har waɗanda suka isa sama suka zama galibi sarakuna da manyan ma'aikata da 'yan boko maza. Buɗe ƙofa a matakin farko bai wadatar ba muddin ba a kula da yadda ake tace wakilai a matakai na gaba ba.

Daga nan ta fahimci cewa muryar gari ɗaya ba za ta isa teburin ƙasa ba. A 1949 aka faɗaɗa tarayyar ta zama Tarayyar Matan Najeriya, aka buɗe rassa a garuruwa da dama. A 1953 ta kira taro a Abeokuta wanda wakilai kimanin ɗari huɗu suka halarta, aka kafa Gamayyar Ƙungiyoyin Matan Najeriya, wadda ta sa a gaba neman ƙuri'a ga kowace mace da kujeru a majalisu. Ta yi aiki tare da Margaret Ekpo ta Gabas, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta taso daga Zariya har Abeokuta domin ganawa da ita. Matan Kudu sun samu ƙuri'a a cikin shekarun 1950, matan Arewa kuwa sai a 1976.

A nan ne labarin ya nuna ɗaya fuskar lamarin, wato yadda hukuma ke ture wakilin da ba ta so ba tare da ta hana shi magana a fili ba. A 1953 aka zaɓe ta mataimakiyar shugabar Tarayyar Matan Dimokuraɗiyya ta Duniya, ƙungiyar da ƙasashen Yamma ke ɗauka ta 'yan gurguzu ce, a 1956 kuma ta ziyarci ƙasar Sin. A zamanin Yaƙin Cacar Baka wannan ya isa laifi. Gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo, Amurka kuma ta hana ta biza a 1958. A ƙarshen shekarun 1950 aka kafa Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa, wadda ta nesanta kanta da siyasa, ta samu karɓuwa a wurin gwamnati, sannu a hankali ta zama ita ce ake gayyata idan ana son jin ra'ayin mata. Majalisar ta yi ayyukan alheri da ba a musu, amma tasirin gamayyar da Funmilayo ta kafa ya dushe.

Jam'iyyarta ma ba ta yi mata sauƙi ba. A 1959 NCNC ta hana ta tikitin takara, ta tsaya a matsayin 'yar takara mai zaman kanta, ta faɗi, kuma ƙuri'un da ta raba suka taimaka wa abokan hamayya. Aka kore ta daga jam'iyyar. Ta kafa tata jam'iyyar ta talakawa, wadda ba ta yi nisa ba. Ko masu ƙaunarta sun shaide ta da tsayuwa a kan ra'ayi da ƙin sassauci, halin da ya amfane ta a ƙofar fada, ya kuma cutar da ita a cikin siyasar jam'iyya. Mijinta ya riga ya rasu tun 1955, ta ci gaba da kula da makarantun da take gudanarwa a Abeokuta.

Karramawa ta zo bayan ƙarfin ya ragu: lambar girmamawa ta ƙasa a 1965, digirin girmamawa daga Jami'ar Ibadan a 1968, da lambar zaman lafiya ta Lenin a 1970. Sai dai lambar yabo ba kujera ba ce. A 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, mambobi 49 ne suka yi aikin, kuma dukkansu maza ne. Tana raye ta ga haka, shekara ashirin da shida bayan saukar Alake.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kimanin dubu suka afka wa gidan ɗanta, mawaƙi Fela, a Legas. Tana cikin gidan, tana da shekara 76, aka jefo ta daga tagar bene. Ba ta murmure daga raunukan ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978. Binciken da gwamnati ta yi ya ɗora alhakin harin a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. Daga cikin 'ya'yanta, Olikoye ya zama Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, Beko kuma ya shahara wajen kare haƙƙin ɗan Adam.

Ga jami'in da ke riƙe da takardar gayyata a yau, rayuwarta ta bar wasu ma'aunai masu sauƙi. Ƙungiyar da za a gayyata tana da mambobi na haƙiƙa, ko suna ne da hatimi kawai? Mambobin ne suka zaɓi wanda zai zo, ko ofis ne ya zaɓa musu? Idan ya tashi daga taron, akwai inda zai koma ya yi bayani a harshen da mutanensa ke ji? Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnatin da ta gayyaci masu faɗin abin da take son ji kaɗai za ta yi taro lami lafiya, ta fitar da sanarwar bayan taro, amma koken da ba a ji a zaure ba yana nan bai tafi ko'ina ba. A Abeokuta ya taru ne a ƙofar fada a 1947, ya kwana a can.